Yadda ake gyaran tobon mota, da yadda za ka gano abin da ya kashe shi

A hunturun da ya wuce aka jawo mana wata Hilux mai injin 2KD gareji, tana feshin hayaƙi shuɗi-shuɗi har ba ka ganin abin da ke bayanta. Mai ita ya sauko ransa a ɓace, ya ce, "Malam, tobo na biyu ke nan cikin wata huɗu. Kayan yanzu ne ba su da aminci, ko kuwa?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri mu ga gawar tukuna." Da muka buɗe, shaf ɗin, wato sandar da ke juyawa a cikin tobon, ya rine ya koma shuɗi, bushin da yake juyawa a ciki ya manne a jikinsa. Na kwance siririn bututun da ke kai masa baƙin mai, na hura da baki, da ƙyar iska ta fita. Sai na sa zarto na raba shi biyu a gaban Alhaji. Cikinsa ya cushe da gawayin mai, ramin da ya rage bai fi kafar allura ba. Sau biyu ana sayen tobo, ba wanda ya waiwayi bututun da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Tun daga lokacin nake gaya wa yaran gareji cewa da wuya tobo, na'urar nan da ke danna wa inji ƙarin iska, ya mutu don kansa, kashe shi ake yi. Su kansu masu ƙera shi, irin su Garrett, sun sha faɗa cewa mafi yawan lalacewarsa daga abu uku take: ƙarancin mai, dattin mai, da wani abu da ya faɗa cikinsa. Don haka gyaran tobo aiki biyu ne. Akwai sake haɗa shi, akwai kuma farautar abin da ya kashe shi, kuma na biyun ya fi na farkon nauyi.

Abin da ke cikinsa

Tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan dabara, kuma har yau tushenta bai sauya ba. Farfela biyu ne a kan shaf ɗaya. Hayaƙin da inji ya fitar yana juya ta baya, ita kuma ta juya ta gaba, wadda ke zuƙo iska ta danna ta cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙone da kyau, ƙaramin inji ya yi ƙarfin babba. Kowace farfela tana cikin gida mai siffar katantanwa: gidan zafi na baƙin ƙarfe, gidan sanyi na alminiyom. A tsakaninsu akwai cibiyar da muke kira katirij.

Ƙaramin tobo yana iya juyi 200,000 a minti ɗaya, wato fiye da 3,000 a sakan guda, ga hayaƙin dizal da zafinsa ke kai maki 700 ko fiye a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan gudu shaf ba ya taɓa ƙarfe. Yana lilo ne a kan siririn mai da ke tsakaninsa da bushi biyu na tagulla, su ma bushin suna lilo a kan mai a cikin gidansu. Akwai kuma faifan tagulla mai hana shaf zuwa gaba da baya, shi ne tiros. Man nan ya yanke na 'yan sakanni kawai, magana ta ƙare.

Abin da makanikai da yawa ba su lura da shi ba: babu sil na roba a kan shaf ɗin tobo. 'Yan ringi ne irin na fistin, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, kuma babban aikinsu tare iska da hayaƙi ne kada su shiga cibiya. Mai yana zama a ciki ne saboda matsin iskar da ke gidajen biyu, da kuma buɗaɗɗiyar hanyar da yake gangarawa ya koma sam, wato kaskon mai da ke ƙasan inji. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin ka ɗauki sifana

Fara da direba. Yaushe aka yi juyen mai, kuma wane mai aka zuba? Na galan ne a rufe, ko na awo daga duro a bakin titi? Ƙarfin motar a hankali ya ragu ko farat ɗaya? Ya ji wata ƙara?

Sannan ka tada mota ka dubi hayaƙi. Baƙi yana nufin gas ya fi iska yawa: filtar iska ta toshe, ko tiyo ya fashe, ko nozul na zubar da gas, ko tobo ba ya dannawa. Shuɗi yana nufin baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai ɗorewa bayan inji ya yi zafi yawanci ruwa ne ko gas da bai ƙone ba, kuma ba kasafai laifin tobo ba ne. Ka kuma kasa kunne. Siririn fito lafiya ne. Kuka irin na jiniya mai tashi da sauka tare da totur alama ce farfela ta gutsure ko tana gogar gida. Huci kamar na maciji kuwa iska ce ke tsiyaya a wani tiyo. Idan motar mai kwamfuta ce, sa na'ura: P0299 na nufin matsin iska ya gaza, P0234 ya yi yawa. Lambobin nan ba su ce tobo ya mutu ba, wurin dubawa kawai suka nuna maka.

Bi tiyo ɗaya bayan ɗaya daga filtar iska zuwa tobo, daga tobo zuwa intakula mai sanyaya iskar, daga intakula zuwa inji. Matsa kowanne da hannu, duba ƙarƙashinsa, duba kilif. Motoci da yawa da aka ce tobonsu ya mutu, tiyo ne ya tsage ta inda ido ba ya gani. Duba kuma sandar wesget, ƙofar nan da ke sakin hayaƙi idan matsi ya kai iyaka. In ta maƙale a buɗe mota ba za ta ja ba, in ta maƙale a rufe matsi zai wuce ƙa'ida.

Yanzu kashe inji, bari ya huce, cire tiyon gaban tobo, haska tocila. Kama notin farfela da yatsu biyu ka juya, ya kamata ta juya sumul. Girgiza ta sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan dole ne, gurbin mai ne, matuƙar fiffiken bai taɓa bangon gida ba. Sai ka ja ta gaba ka tura baya. Nan bai kamata ka ji komai ba. In ka ji ƙwas-ƙwas, tiros ya cinye. Mai son tabbaci ya sa agogon awo. A tobon CT26 na Toyota, misali, littafin ya ce motsin gaba da baya kada ya wuce milimita 0.13, na gefe kuma 0.18. Kowane tobo da nasa awon.

Ga inda ake yawan zaluntar tobo. An ga mai a tiyo, an ce ringi ya mutu. Ɗan danshin mai a tiyo ba komai ba ne, daga numfashin inji yake zuwa. In kuwa mai ne sosai alhali shaf ba ya motsi, to kafin ka taɓa tobo duba abu huɗu. Bututun da ke mayar da mai sam ya toshe ko ya lanƙwashe? An cika mai ya wuce layi? Filtar iska ta toshe har farfela na zuƙo mai ta bayanta? Na huɗun shi ne ya fi yawa a tsofaffin motocin haya: cire murfin zuba mai inji na silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, in yana busa hayaƙi da ƙarfi har murfin na tsalle, ringin fistin ne ya mutu. Iskar da ke sulalewa cikin sam ita ke hana man tobo sauka, sai ya nemi hanya ta ringi. Irin wannan injin, ko sabon tobo daga kwali ka ɗaura masa, zai yi hayaƙi.

Kwancewa

Tanadi tebur mai tsabta da farin ƙyalle, nesa da inda ake walda ko gurza ƙarfe. Kafin ka sassauta noti ko ɗaya, ɗauki hoto da waya ta kowane gefe, sannan ka sa tsinin ƙarfe ka ja layi daga gidan sanyi zuwa cibiya zuwa gidan zafi, don su koma yadda suke. Jiƙa notocin gidan zafi da man sassauta tsatsa tun daren jiya in da hali. Cire wesget, amma kada ka taɓa notin daidaita tsawon sandarsa.

Gidan sanyi ba ya gardama, babban sakilif ne, wato zoben ƙarfe mai maƙalewa a rami, ko 'yan notoci ke riƙe da shi. Gidan zafi shi ne mai taurin kai. Bubbuga shi da gudumar roba ko ta tagulla, ka riƙa zagayawa kaɗan-kaɗan don ya fito a miƙe. In ya karkata zai lanƙwasa fiffiken farfela, ka jawo wa kanka asarar da ba ta cikin lissafi.

Yanzu katirij na hannunka. Yi alama da maka a kan noti, da farfelar gaba, da bakin shaf, duk a layi ɗaya. An daidaita nauyinsu ne a haɗe, dole su koma mazauninsu. Kama kan farfelar baya da soket a cikin bais, matsin nan na kan tebur, ba fiffiken ba. Ka kula sosai a nan, domin notin tobo da yawa juyin hagu ne, wato ta inda ka saba ɗaurewa ta nan yake kwancewa. Dubi zaren da ya leƙo kafin ka sa ƙarfi. Yi amfani da sifana mai hannu biyu don ƙarfin ya daidaita, saboda shaf ɗin siriri ne, jan gefe ɗaya na lanƙwasa shi. In farfelar gaba ta ƙi fita, ɗumama ta da ruwan zafi ko iska mai zafi, alminiyom zai buɗe ta zame. Kada guduma ta taɓa bakin shaf.

Zare shaf ta baya, cire faifan kare zafi, sai murfin baya, tiros da kwalarsa, sakilif, bushi. Jera su a kan ƙyalle bi da bi yadda suka fito, kowanne fuskarsa na kallon inda take kallo a ciki. Kuma kada ka wanke komai tukuna.

Karanta gawar

Nan ne aikin yake. Duk abin da ya kashe tobo sai ya bar sawunsa.

Shaf ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa a mazaunin bushi, ga tagulla ta shafu a jikinsa? Yunwar mai ce. Ka nemi toshewar bututun sama mai kawo wa tobo mai, ko 'yar ragar da ke cikin notin bututun a wasu motoci, ko ragar famfon mai a cikin sam, ko shi kansa famfon. Ka nemi kuma gam ɗin gaskit. Na sha ciro dunƙulen jan gam a ramin mai, wanda wani ya shafa don kada ya yi yoyo. Idan ka tarar notin farfela ya kwance da kansa ya shige ciki, yawanci shi ma nan ne asalinsa: shaf ya cije farat ɗaya, farfela ta ci gaba da juyi ta warware notin.

Layuka zagaye da shaf da bushi, waɗanda farce ke kamawa? Dattin mai ne. Mai ya daɗe ba a juye ba, ko filtar mai jabu ce, ko injin na niƙa ƙarfensa. In ka ga ƙyalƙyali a man da ka juye, akwai magana a cikin inji, kuma gara ka gaya wa mai mota tun yanzu.

Baƙin gawayi mai tauri ya taru ta ɓangaren zafi, ringin baya ya daskare a raminsa? Wannan aikin kashe mota da zafi ne. Direba ya taso daga Kano bai tsaya ba sai Potiskum, ya taka totur sau biyu, ya murɗe makulli. Famfo ya tsaya, farfela na ci gaba da juyi ba mai, sauran man da ke ciki kuma ya soyu. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har hanya ta rufe. Abin da ya faru da Hilux ɗin Alhaji ke nan.

Sai farfelar gaba. In fiffiken ya gutsure ko ya lanƙwashe, wani abu ya shiga: noti, washa, tsumma da aka manta a tiyo. In kuwa bakin fiffiken ya siɗe ya yi kaushi kamar an goge shi da sanfefa, ƙura ce. Wannan ita ce cutar motocinmu, musamman lokacin hunturu da kuma masu bin hanyar Agadas da sauran hanyoyin rairayi. Ana cire filta a buga ta a jikin taya, ko a hura ta da iskar falkanaiza mai ƙarfi har takardar ta tsage ta inda ba a gani. Daga nan yashi ya samu ƙofa. Haska tocila a cikin filtar, in haske ya ɓullo ta wani rami, jefar da ita. Farfelar baya in ta gutsure, abin daga cikin inji ya fito, ɓallin bawul ko kan hita ko ringi, kuma sai an bi sawunsa.

Akwai alama ɗaya da ba kowa ya santa ba. Juya farfelar gaba ka dubi bayanta. In ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo, gudu ya wuce ƙa'ida. Ko an taɓa wesget ko kwamfuta don ƙarin ƙarfi, ko iska na tsiyaya a wani wuri tobo na ta ƙoƙarin cike gurbi.

A gyara ko a sauya?

Kit ɗin gyara bushi ne da tiros da ringi da sakilif da roba, shi ke nan. Yana amfani ne kawai idan shaf, farfela biyu da ramin cibiya duk lafiya suke. Farfela ta taɓa gida, ko fiffike ya lanƙwashe, ko shaf ya yi shuɗi ko ya karkace, ko ramin ringi ya faɗaɗa, to sayi katirij sukutum. Kada ka miƙe fiffike da filaya, zai karye ne a cikin gudu ya aika ɓaraguzai inji. Tobo mai boris maimakon bushi shi ma katirij ake sauya masa. Duba gidan zafi: 'yar tsaga a bakin ƙofar wesget an saba gani, amma wadda ta ratsa har waje ko ta hana ƙofar rufuwa ta kashe gidan.

In za ka Ƙofar Ruwa ko Panteka, tafi da lambar da ke jikin farantin tobon, ba sunan mota kawai ba. Injin 1KZ yana ɗauke da CT12B, 1KD kuma CT16V, ba sa shiga wa juna. In na Beljiyom za ka saya, yi masa duk gwajin yatsun nan a gaban mai shago.

Wanki da haɗawa

Jiƙa komai a kananzir ko man wankin kafireto, goge da burushin roba. Burushin waya bai halatta a farfelar alminiyom ko mazaunin bushi ba. Bi duk ramukan mai na cibiya ka hura da iska har sai ba sauran gawayi. Auna shaf da maikuromita, ɗora shi a kan mazauni ka juya da agogon awo, allura ta tsaya cik.

Haɗawa kwancewa ce a juye. Sa sakilif na ciki, ka tabbata sun zauna a raminsu, shafa wa bushi sabon baƙin mai, zura su. Ba giris, ba gam. Sa sabon ringi a shaf a hankali, kada ka buɗe shi fiye da kima, bakinsa ya kalli sama nesa da ramin saukar mai. Ɗora faifan kare zafi kafin ka zura shaf, nan ne yara ke yawan mantuwa. Tura shaf kana ɗan jujjuya shi har ka ji ringi ya shige. In ya ƙi, kada ka danna, fito da shi ka gyara zaman ringin. Sai kwala da tiros, ramin mansa ya dace da na cibiya, sai murfin baya da sabuwar roba. Mayar da farfela kan alamarta, ɗaure noti da sifanar awo daidai yadda littafin tobon ya ce. Ɗaurin ba shi da yawa, mai saba ɗaure notin taya zai tsinke shi. Juya da yatsa, ya tafi sumul ba kamu.

Maganar balansin kuwa ba ta da sassauci. In ka mayar da tsofaffin farfela kan alamarsu, yawanci za ka tsira. In ka sauya farfela ko shaf, dole a kai katirij kan injin balansin mai juya shi da gudun aiki. Nauyin da ba ka ji a tafin hannu, a juyi 150,000 guduma ne yake dukan bushi. Ba injin balansin a kusa? Sayi katirij da aka daidaita daga masana'anta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu tobo mai 'yan fukafukai masu motsi a gidan zafi, irin na 1KD da na 1.9 TDI da ke cikin wasu Sharon da Golf, ku wanke zoben da fukafukan har su yi motsi da yatsa ɗaya, ku mayar da su a bushe. Ƙaramin sukurun da ke tsayar da hannun da ke motsa fukafukan, an saita shi ne a kan na'ura, kada a taɓa.

Ɗaurawa da tashin farko

Juye mai, sa sabuwar filtar mai da ta iska. Sauya bututun sama da sabo, wanki ba ya fitar da gawayin da ya daskare a lungunsa. Tabbata bututun ƙasa mai mayar da mai sam a buɗe yake kuma yana gangarawa ba lanƙwasa. Sabbin gaskit da washar tagulla, ba gam ko ɗigo.

Cire intakula ka wanke shi ka bar shi ya bushe sarai, haka duk tiyo. Wannan maganar rai ce. Injin dizal yana iya shan man da ya taru a intakula ya ruga da kansa, ka cire makulli bai tsaya ba, har sai ya fashe. In ya taɓa faruwa a gabanka, taka birki ka sa babbar giya ka saki kuloci, ko ka toshe bakin iska da katako. Ban da tafin hannu.

Kafin ka ɗaura bututun sama, ɗura sabon mai a ramin tobo kana juya farfela da yatsa. Sannan ka hana inji tashi, ta cire fulogin nozul ko wayar famfon gas, ka yi sitata na sakan 10 zuwa 15, ka huta, ka sake, har fitilar mai ta mutu. Mayar da waya, tada inji, bar shi a silo minti biyar kana duba yoyo. A nan za ka ga yaro ya miƙa ƙafa zai taka totur don a ji kukan tobo. Riƙe shi. Bayan haka a fita gwaji a hankali, a dawo, a bar inji ya huce a sake bin notocin gidan zafi.

Ranar da Alhaji ya zo ɗaukar Hilux ɗinsa, direban na kira gefe na damƙa masa guntun bututun nan da na yanke. Na ce da safe ya ba ta minti ɗaya kafin ya taka, in ya dawo daga doguwar tafiya ya bar ta a silo minti biyu kafin ya kashe, juyen mai kuma kada ya wuce kilomita 5,000 a irin hanyoyin da yake bi. Na ce ya dawo da ita bayan kilomita 1,000 mu cire tiyon gaba mu sake taɓa shaf ɗin. Ya jujjuya bututun a hannunsa, ya ɗaga shi saitin rana yana neman ramin, sannan ya jefa shi a aljihun gaban mota ya ce, "To Oga, sai na zo."